Tambayoyinku: Gidan Katakon da Magajin Garin New York Ke Zama a Ciki

Tun da aka zaɓi Zohran Mamdani magajin garin New York a ranar 4 ga Nuwamba 2025, Musulmi na farko da ya riƙe wannan kujera, wasiƙu suke ta shigo mana kan gidan da birnin ya tanadar wa magajinsa. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, ga amsoshinsu.

Assalamu alaikum. Na ji ana kiran gidan Gracie Mansion. Wane ne Gracie, tsohon magajin gari ne? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Archibald Gracie bai taɓa riƙe kujerar magajin gari ba. Attajiri ne mai jiragen ruwa, haifaffen garin Dumfries a Sikotland, a 1755. Ya yi fataucin taba a Petersburg ta jihar Virginia kafin ya tare a New York, kuma a 1799 ya gina wannan gida na katako mai hawa biyu a wani tudu da ake kira Horn's Hook, bakin kogin East River. A lokacin birnin ya tsaya ne can ƙarshen kudancin tsibirin Manhattan, tsakaninsa da gidan wajen kilomita 8. Gidan gona ne na shan iska. Da zafi ya shigo, masu hali sukan kwashe iyali su fice daga cunkoson birni, musamman ma da yake zazzaɓin shawara yana yi wa New York ɓarna a shekarun 1790.

Kafin Gracie akwai wani gida a wurin, na wani ɗan kasuwa Jacob Walton, wanda aka gina a 1770. Tudun yana kallon mashigin ruwan Hell Gate, inda igiyar ruwa ke murɗawa tana kifar da jirage, don haka duk wanda ya kafa igwa a kansa ya riƙe hanyar. Sojojin George Washington suka karɓe shi a 1776 suka yi ganuwa, Turawan Ingila kuma suka yi masa ruwan wuta a watan Satumba na shekarar har gidan Walton ya rushe. Daga hannun magadan Walton ne Gracie ya sayi filin.

Ya ci duniyarsa da tsinke a gidan na ɗan lokaci. Alexander Hamilton, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 10, yana cikin masu zuwa, kuma Gracie na cikin waɗanda suka zuba kuɗi a jaridar da Hamilton ya kafa a 1801, wadda a yau ake kira New York Post. Sai kasuwa ta juya. A ƙarshen 1807 Shugaba Thomas Jefferson ya hana jiragen Amurka fita fatauci ƙasashen waje, Faransawa suka kwace wasu jiragen Gracie, yaƙin 1812 da Ingila ya ƙarasa abin da ya rage. A 1823 bashi ya sa aka sayar da gidan ga Joseph Foulke, Gracie kuma ya rasu a 1829. Sunansa ne dai ya manne wa gidan. Wani tattaɓa-kunnensa, Kanar Archibald Gracie, yana cikin waɗanda suka tsira daga hatsarin jirgin Titanic a 1912.

To yaya gidan ɗan kasuwa ya koma na magajin gari? Gwamnati ta saya ne? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Malama, hanyar ta yi kwana-kwana. Daga iyalin Foulke gidan ya koma hannun Noah Wheaton a 1857. Harajin fili ya taru ba a biya ba, a 1896 hukumar birni ta karɓe gidan, filinsa mai eka 11 ya shiga cikin lambun shaƙatawa na jama'a, wanda tun 1910 ake kira Carl Schurz Park.

Daga nan gidan ya ga wulaƙanci. Ma'aikatan lambu suka mai da shi rumbun ajiye kaya, aka buɗe kantin askirim, aka yi banɗakunan jama'a a ciki. Gidan da manyan ƙasa suka ci abinci ya zama inda mai yawo a lambu ke shiga ya kama ruwa. Abin da ya cece shi shi ne Gidan Tarihin Birnin New York, wanda aka kafa a 1923, ya fara zama a nan har zuwa 1932 da ya koma sabon gininsa a titin Fifth Avenue.

Mutumin da ya ƙulla maganar magajin gari shi ne Robert Moses, kwamishinan lambuna, wanda gidan ke ƙarƙashin ofishinsa. Har zuwa lokacin kowane magajin gari a gidansa yake kwana. Fiorello La Guardia, da ya hau kujera a 1934, a wani ɗan madaidaicin gida yake zaune a unguwar East Harlem, kuma yana tinƙaho da hakan. An taɓa yi masa tayin katafaren gidan attajirin ƙarfe Charles Schwab mai ɗakuna 75, ya ce ba da shi ba. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disamba 1941, sai Moses ya samu hujjar tsaro: gida ne tilo a tsakiyar lambu, bakin ruwa, mai sauƙin gadi. La Guardia ya tare a 1942. Idan aka lissafa, gidan ya shekara 143 kafin magajin gari ya fara zama a cikinsa.

Dole ne magajin gari ya zauna a can? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Ba dole ba ne. Michael Bloomberg ya yi shekara 12 a kan kujera, daga 2002 zuwa 2013, yana gidansa na titi na 79, gidan Gracie kuwa sai taro da saukar baƙi. Ra'ayinsa shi ne bai kamata mai biyan haraji ya ɗauki nauyin masaukin magajin gari ba. Magana ce mai daɗin faɗi a bakin biloniyan da ya mai da albashinsa dala 1 a shekara. Rudy Giuliani kuwa ya fice a 2001, lokacin da aurensa ke mutuwa, ya bar matar da yara a ciki. Bill de Blasio ya tare a Yuli 2014, wata shida da 'yan kai bayan rantsuwa. Mamdani, wanda a lokacin yake haya a gida mai ɗakin kwana ɗaya a unguwar Astoria, ya sanar a Disamba 2025 cewa zai koma Gracie, ya ce saboda tsaron iyalinsa.

Ofis dabam yake. Aiki a City Hall ake yi, can kudancin Manhattan, tafiyar wajen kilomita 11.

Ni kafinta ne. Na ga hoton gidan, katako ne tun daga ƙasa har sama. Ta yaya katako zai wuce shekara 200 a bakin ruwa bai ruɓe ba? Daga Kano.

Maigida, ka yi tambayar da ta fi kowace nama. Amsa a taƙaice: ya ruɓe, sau da yawa ma, ana dai cirewa ana sakewa. Barandar da ka gani a hoto ta zagaye gidan an sake gina ta a gyaran shekarun 1980. Yadda gidan ƙasa ke neman yaɓe da gyaran indararo kafin damina, haka gidan katako ke neman fenti da gyaran magudana kafin hunturu. Wanda ya yi sakaci shekara biyar zai biya kuɗin shekara ashirin.

Ga yadda irin wannan gini yake. Akwai ƙashin gida na manyan katakai da aka sassaƙa aka cusa kan wani cikin ramin wani, aka soke da turakun itace. A waje an jera falankai a kwance, kowanne ya ɗan hau kan na ƙasa da shi kamar ɓawon kifi, don ruwa ya gangara. A ciki an buga siraran katakai an shafe su da filastar farar ƙasa. Duka wannan yana zaune ne a kan harsashin dutse, wanda ya ɗaga katakon daga ƙasa.

Ruwa ne babban abokin gaba. Busasshen katako ba ya ruɓewa. Sai danshin cikinsa ya haura kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, sannan naman gwari mai cin itace yake kama shi. Wuraren da ɓarnar ke farawa sanannu ne: ƙasan ginshiƙan baranda, dandamalin taga, inda rufin baranda ya haɗu da bango, kewayen bututun hayaƙi, da katakon da ke kwance a kan harsashi. Ganye ya toshe magudanar rufi, ruwa ya tumbatsa ya bi bayan falanki, shi ke nan. A New York akwai ƙarin masifar da ba mu da ita a nan: ruwa ya shiga tsaga, dare ya yi ya daskare, ƙanƙara kuwa tana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta buɗe tsagar. Gobe ruwan da zai shiga ya fi na jiya. Ga shi East River ba kogin ruwan daɗi ba ne, mashigin teku ne, iskarsa da gishiri, tana cin ƙusa tana tayar da fenti. Babbar hanyar mota ta FDR Drive kuma a ƙarƙashin lambun ta ratsa, dab da gidan.

Masu gyaran tsofaffin gidaje suna bin aikin daki-daki. Da farko a tsayar da ruwa: rufi, magudana, gangaren ƙasa. Gyaran bango alhali rufi na yoyo zuba ruwa ne a rariya. Sannan a bi katako da na'urar auna danshi da tsinken ƙarfe. Inda tsinke ya nutse ba wuya, ya ruɓe. Ba a cire katako gaba ɗaya idan gefe ne ya lalace. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ga mai lafiya, a sassaƙa sabon guntu daga irin itacen, jijiyarsa ta bi ta tsohon, a manne. Idan aka sa itace dabam, kumburinsu da ƙanƙancewarsu ba za su zo ɗaya ba, haɗin zai buɗe cikin 'yan shekaru. A shafa fentin share fage a kowace fuska ta sabon falanki, har baya da bakin yanka, domin bakin yanka ne ke shan ruwa kamar tsumma. A yi amfani da ƙusar da ba ta tsatsa. Kuma kada a toshe ƙasan falankai da abin liƙi: ta nan danshin da ya shiga yake fita, wanda ya toshe ya kulle ruwa a cikin bango.

Kankare tsohon fenti yana da haɗari biyu. Na farko, tsohon fenti akwai dalma a cikinsa. New York ta hana amfani da shi a gidaje a 1960, Amurka gaba ɗaya a 1978, amma yana nan a ƙarƙashin sababbin shafe. Gurza shi a bushe yana tayar da ƙura mai illa ga ƙwaƙwalwar yara, don haka jiƙa shi ake yi, a killace wurin, ma'aikaci ya rufe hanci. Na biyu, kada a kusanto da harshen wuta don tayar da fenti. Tartsatsi kan shige bayan falanki ya yi ta ci a ɓoye, sai ma'aikata sun tashi gobara ta bayyana.

Launin ma ba da ka ake zaɓa ba. Ana yanko ɗan ƙwarzanen fenti har zuwa katako, a duba shi ta gefe da madubin ƙara girma, a ga shafe-shafen a jere kamar ganyen albasa. Na can ƙasa shi ke nuna yadda gidan yake a zamanin farko. Gidan dai yau rawaya ne, da farin gefe da korayen murafun taga. Fentin waje a irin wannan yanayi bai cika wuce shekara 5 zuwa 10 ba.

A ciki kuma matsalar ta juye. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska a hunturu har tsofaffin kujeru da tebura su tsage, ga zafi da laima a bazara. Shi ya sa gidajen tarihi ke ƙoƙarin riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 55.

Na karanta cewa Nelson Mandela ya kwana a gidan. Gidan iyali ne ko masaukin baƙi? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Gaskiya ne, Hajiya. Mandela ya sauka a nan a Yuni 1990, wata huɗu bayan fitowarsa daga kurkuku, a matsayin baƙon David Dinkins, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin New York.

Amsar tambayarki kuwa, duka biyun ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Gracie ya gina gida ne na iyali ɗaya. Da ya zama gidan hukuma sai ya kasance gida ba zaure: baƙo yana shigowa ya faɗa cikin gida. A zamanin Robert Wagner, wanda ya yi mulki daga 1954 zuwa 1965, taruka suka yi yawa har matarsa Susan ta koka cewa baƙi na hawa bene su leƙa ɗakunan kwana, wasu ma su zura ƙananan kaya a aljihu a matsayin tsaraba. Ita ta nemi a yi wa gidan ɓangaren baƙi. Ta rasu a 1964 ba ta ga ginin ba. An buɗe shi a 1966, lokacin John Lindsay, aka sa masa sunanta. Mott Schmidt ne ya zana shi, ya bi salon tsohon gidan don kada sabo ya yi wa tsoho tsawa, kuma kuɗin, kimanin dala 800,000, gudummawar mutane ce.

Yanzu tsarin ya zama hawa-hawa. Ɓangaren Susan Wagner, mai ƙofarsa dabam, yana da babban zauren taro da ɗakunan karɓar baƙi. Ƙasan tsohon gida akwai falo, ɗakin karatu da ɗakin cin abinci, inda ake shigar da baƙi na musamman da masu ziyara. Sama kuwa turaka ce, ta iyali. A nan gidan ne Bloomberg ya riƙa shirya buɗa-baki da azumi, kuma a na watan Agusta 2010 ya kare 'yancin Musulmi na gina cibiyarsu kusa da inda aka kai harin 11 ga Satumba.

Abu uku sun cancanci a tsaya a kalla. Daɓen mashiga kamar marmara, amma katako ne aka yi wa fenti, da zanen tauraron kamfas a tsakiya, tunawa da sana'ar mai gidan. Dabara ce da aka saba a zamanin Gracie, lokacin da marmara ke da tsada. Bangon ɗakin cin abinci yana lulluɓe da takardar ado ta kamfanin Zuber na Faransa, ta wajajen 1830, mai hoton lambuna, irin wadda ake bugawa da hatiman katako, kowane launi da nasa hatimin. Ba ta Gracie ba ce, a gyaran shekarun 1980 aka liƙa ta. Sai kuma fuskar murhun da ke babban zaure, wadda aka ciro daga gidan William Bayard, inda Hamilton ya cika a ranar 12 ga Yuli 1804, kwana ɗaya bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Aaron Burr ya harbe shi a fito-na-fito.

Wa ke biyan kuɗin gyara? Daga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gusau.

Gidan mallakar birni ne, ƙarƙashin sashen lambuna, kuma 'yan sandan birni ke gadinsa. Amma babu magajin garin da ke son a ce ya ɗebi kuɗin talakawa ya ƙawata inda yake kwana, saboda haka kowa kan ɗage gyara ya bar wa na baya. Ed Koch ya tarar da gidan ya gaji, sai ya kafa gidauniyar Gracie Mansion Conservancy a 1981, mai tara gudummawa daga masu hannu da shuni. Ita ta yi babban gyaran 1981 zuwa 1984, na sama da dala miliyan 5. Na 2002, zamanin Bloomberg, ya ci kimanin dala miliyan 7, ba daga baitulmali ba.

A ganinmu tsarin ya rufe ƙofa ɗaya ya buɗe wata. An huta da taɓa haraji, amma mai ba da kyauta ga gidan mai mulki ba kasafai yake rasa buƙata a wurin mai mulki ba. Da wani kamfani ya ba da kayan ɗaki na kusan dala 65,000 lokacin tarewar de Blasio, jaridu sun yi ta magana. Kariyar da ake da ita ita ce kayan na gidan ne, ba na magajin gari ba, kuma tun 1966 gidan yana cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ba a sauya fuskarsa ta waje sai da izinin hukumar da ke kula da su.

Shi ma Sadiq Khan na Landan yana da irin wannan gida? Na ga ana ambaton Mansion House. Daga wani ɗan kasuwa a Jos.

Alhaji, a nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin Landan magajin gari biyu gare ta. Sadiq Khan, da ke kan kujera tun 2016, shi ne zaɓaɓɓen magajin babban birnin gaba ɗaya, muƙamin da aka ƙirƙira a 2000, kuma ba shi da gidan hukuma. Mansion House na Lord Mayor ne, shugaban tsohuwar unguwar bankuna da ake kira City, wadda faɗinta bai kai murabba'in kilomita 3 ba. Wannan muƙami ya faro tun 1189, shekara ɗaya ake yi a kai, kuma ya fi kama da sarautar gargajiya mai wakiltar 'yan kasuwa.

Shi wannan gida, saɓanin Gracie, don muƙamin aka gina shi. George Dance babba ya zana, aka aza harsashi a 1739, Crisp Gascoyne ya fara tarewa a 1752. Na dutse ne, da manyan ginshiƙai shida a gaba, a da har da kotu da ɗakunan tsare masu laifi a ciki, tunda Lord Mayor alƙali ne. Wani kaso na kuɗinsa ta hanyar zalunci aka tara. Doka ta hana Kiristan da ba ya bin Cocin Ingila riƙe muƙami, sai hukumar City ta riƙa tsayar da irin waɗannan mutane da gangan a muƙamin sheriff, wato jami'in shari'a na birni, tana sane ba za su iya karɓa ba, sannan ta ci su tarar ƙin karɓa: fam 400 ga wanda ya ƙi tsayawa, fam 600 ga wanda aka zaɓa ya ƙi aiki. Sai a 1767 Majalisar Dattawan Ingila ta yanke hukuncin da ya kawo ƙarshen wannan.

A Amurka ma birane kaɗan ne ke da irin wannan gida. Los Angeles na da Getty House, Detroit na da Manoogian Mansion, dukansu kyauta aka ba birnin. Na Dublin a Ireland ya girme su duka: an gina shi a 1710, birni ya saya a 1715, kuma a ɗakin taronsa ne majalisar 'yan neman 'yancin Ireland ta fara zama a ranar 21 ga Janairu 1919.

Ɗana yana karatu a New York. Zai iya shiga ya gani? Daga wata uwa a Katsina.

Zai iya, Hajiya, a ranakun da aka ware wa masu ziyara. Sai ya yi rajista tun da wuri a shafin gidauniyar, ya tafi da katin shaida mai hoto, kuma akwai bincike a ƙofa. Za a zaga da shi ƙasa da ɓangaren baƙi, ba a hawa sama. Gidan yana mahaɗar East End Avenue da titi na 88. Jirgin ƙasa layin Q zai sauke shi a tashar titi na 86, daga nan ya taka gabas wajen minti 10, ko ya hau jirgin ruwan fasinja ya sauka a tashar titi na 90, wadda ke gindin lambun. Akan soke ziyara idan magajin gari yana da taro, don haka ya sake duba saƙonsa da safe kafin ya fita.